Haƙoran Babana da Ƙahonsa

Babana masinja ne a wani ofishin gwamnati a Jalingo, amma ba da wannan aka san shi ba. Ƙaho yake busawa a cocinmu, irin na ƙarfe mai maɓallai uku. Ba a binne Kirista a unguwar Barade sai ya busa, kuma ya fi shekara ashirin yana yi. Mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa, kuma ba ya jin magana. Ni na gado shi a na biyun.

Ya yi imani cewa mai busa ƙaho da haƙoransa na gaba yake busawa, domin a kansu leɓe yake jingina. Wannan gaskiya ne. Inda ya ɓata shi ne yadda yake kula da su. Yana da wani gwangwanin madara da yake haɗa gawayi da gishiri a ciki, ya ƙara da garin fasasshen farantin tangaran da yake dakawa da kansa. Kowace safiya, kafin mu tafi makaranta, sai ya jera mu a bayan ɗaki, ni da yayyena mata biyu, kowa da asuwakinsa, mu dangwala mu goga. Ba a tashi sai an tofar da yawu ya ga ja a ciki.

"Goga, goga," yake cewa. "Jini na banza ne yana fita."

Na tsani wannan gwangwani. Na koyi cizon cikin kumatuna don in samu jinin da wuri, kuma ina jin wannan ha'inci ne ya bar mini haƙorana har yau.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bafulatani mai sayar da shanu, bakinsa jajir da goro. Shi asuwaki kawai yake taunawa, ya bi haƙoransa a hankali, ya kuskure baki in ya ci abinci, shi ke nan. Babana yana gaishe shi da ladabi, amma in ya shigo gida sai ya ce mutum da arzikinsa ya bar bakinsa kamar mahauta. Wata rana dattijon ya leƙo ta kan danga ya ga abin da muke yi. Ya ce wa Baba, maƙwabci, haƙori ba gindin tukunya ba ne, a bi shi a hankali. Baba ya yi dariya ya nuna masa nasa farare tas. Dattijon nan da haƙori yake ɓare rake har ya bar duniya.

A shekarun da aka mayar da garinmu babban birnin jiha ne dasashin Baba ya fara ja da baya. Haƙoran suka ƙara tsawo, shi kuwa har murna yake. Ruwan randa ya fara gagararsa sha. Mamana ce ta fara jin warin bakinsa, ta rasa yadda za ta faɗa masa, sai ta riƙa tura masa kanumfari a aljihu. Da ya gane, bai yi mata magana ba kwana uku, ya kuma koma goga sau uku a rana.

Da na gaban suka fara girgiɗi, Mama ta ja shi asibiti da kuka. Likitan ya taɓa su da ɗan ƙarfe, ya tambayi abin da yake gogawa. Sannan ya ce huɗu na sama ba abin da ke riƙe da su, a cire su, ya kuma ajiye ƙaho. Baba ya ce zai yi shawara. Dalilinsa ɗaya ne. Kakarmu, mahaifiyarsa, tana kwance a ɗakin baya ba ta tashi, kuma ta sha gaya masa cewa ya busa wa iyayen mutane duka, kada ya kuskura ya bar wani ya busa mata. Sai ya daina tauna komai, ya koma kunu da fate, yana lallaɓa haƙoran nan su kai ranar. Wata biyar yana haka. Na ga ubana yana jiran mutuwar uwarsa yana kuma jin kunyar jiran, kuma ban taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nasa ba.

Ta rasu da damina. A maƙabarta ya tsaya a bakin kabari cikin farar rigarsa, masu ƙaho biyu a bayansa, masu ganga a gefe. Ni ina dab da shi, ina riƙe masa lema. Layin farko na waƙar ya fita da kyau. A na biyu na ji sautin ya karye, sai iska kawai. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, jini ya biyo gefen bakin ƙahon ya ɗiga a hannun rigarsa.

Bai sauke ba. Ya bar ƙahon a bakinsa, ya kumbura kumatu, yana danna maɓallan daidai da waƙar, su biyun na baya suna busawa. Baiti huɗu aka yi. Jama'a suna waƙa suna kuka, ba wanda ya lura. Ni kaɗai nake jin ƙarar maɓallan, ƙas, ƙas, babu komai a bayansu.

Muna fitowa wata tsohuwa ƙawar Kaka ta kama hannunsa biyu.

"Ɗana, ka busa ma mamanka da kyau. Ta ji ka."

Baba ya sunkuya ya gyaɗa mata kai. Duk wanda ya yi masa ta'aziyya a hanya, kai kawai ya gyaɗa, mutane suna cewa baƙin ciki ne ya hana shi magana. Daga maƙabarta har Barade a ƙafa muka zo, haƙora biyu da suka fita suna cikin bakinsa, ya rasa inda zai tofar da su ba a gani ba.