Mashin Ɗan Japan da Na Zaɓa wa Likita Bitrus

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka sauke mini mashin ɗin Likita Bitrus daga bayan a-kori-kura ba. Gida biyu fa! Kai daban, gindi daban. Shekarata ashirin da ɗoriya ina gyaran mashin a Bukkuyum, ban taɓa ganin haka ba, kuma ni na zaɓa masa shi.

Ku da kuka shigo sana'ar bayanmu, ku saurara da kyau. Bitrus ma'aikacin lafiya ne, mutumin Filato, yana aiki a wani ɗan asibitin ƙauye wajen Nasarawa Burkullu. Ba likita ba ne, amma kowa Likita yake ce masa. Duk mako sai ya shigo gari ɗaukar magani. Da ya tashi sayen mashin na hannu, sai ya yi abin da kowa ke yi, ya ɗauki makanike su je tare. Kun san ƙa'idarmu: in makanike ya duba ya ce "ɗauka", magana ta ƙare.

Farkon damina muka je Gummi wajen wani dillali. Ya fito mana da mashin biyu, ɗan Chana mai ɗan sauran sabunta, da wani tsohon ɗan Japan da ya sha baƙin fenti. Ina ganin tambarin Japan a jikin injin, hankalina ya bar ɗayan.

Duban mashin mataki huɗu ne. Ka tada shi ka kara sukuddireba a inji ka sa kunne. Ka dubi hayaƙi. Ka dubi mai. Sannan ka cire kujera da tanki ka bi shasi, wato ƙarfen da ke riƙe da komai, tun daga wuya har baya. Na yi ukun farko, injin yana kuka lafiya lau. Na huɗun ne na tsallake.

Kuma wallahi na ga alama. Kusa da tayar baya akwai tabon walda guda biyu, inda aka yanke ƙarin sifirin da aka taɓa liƙa masa don ɗaukar nauyi. Masu haƙar zinare wajen Anka ke yin haka, don su labta wa mashin buhunan dutse. Na gani da idona, na ce a raina ɗan Japan ai ba ya jin kaya.

Bitrus ya ce, "Oga Lawali, na Chanan nan fa kamar ya fi sabo."

Na yi dariya. "Likita, rabu da wanga gwangwani. Ɗan Japan ko ya tsufa ya fi sabon Chana. Ɗauka!"

Ya biya kuɗi, ya ɗauka.

Bayan mako shida, yana komawa ƙauye da kwalin magani a baya, ya gangara wani kwari, wuyan mashin ya ɓalle gaba ɗaya. Tayar gaba ta yi nata wuri, shi kuma ya kifa kan duwatsu. Manoma ne suka ɗauko shi da karaya a cinya.

Da aka kawo mini ɓangarorin mashin ɗin biyu, na kankare fentin wuyan da wuƙa. Innalillahi! Tsagewar tsohuwa ce, har ta yi tsatsa. Wani ya cusa guntun rodi cikin bututun shasin, ya ɗiga walda, ya shafe, ya fesa fenti. Injin kuwa ko ƙwarzane babu, na Japan ne na gaskiya. Dillali bai yi mini ƙarya ba, ni na yi wa kaina.

Washegari na je asibiti. Na tarar da shi kwance, matarsa na yi masa fifita. Muka gaisa, na yi masa sannu.

Ya ce, "Oga Lawali, ka duba shi da kyau kuwa ran nan?"

Na so in ce ƙaddara ce in yi shiru. Bakina ya ƙi. Na ce, "Likita, ban cire tanki ba."

"Cire tanki yana ɗaukar lokaci ne?"

"Minti biyar."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Matar ta daina fifitar.

To, kun ji. Ban ce ƙasa ba ta da tasiri ba, ƙarfen wasu ya fi na wasu, mu da muke kwancewa mun sani. Amma tambari yana gaya maka inda aka ƙera mashin ne kawai, ba ya gaya maka wahalar da ya sha a hanyoyinmu. Duk wanda na kama a garejin nan ya ce wa mutum "ɗauka" bai cire tanki ba, ya nemi wani ogan.

Bitrus har yau yana ɗingishi. Kuma duk ranar da aka goyo shi ya wuce ta nan, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Oga, sannu da aiki." Wallahi da zagina yake yi, da ya fi mini sauƙi.