Buhun zobban ƙarfe na Yaya

Duk waɗanda suka ce Yayana ya faɗa hannun 'yan ta'adda sun yi kuskure, kuma ni ce ta farko a cikinsu.

Lokacin muna zaune a ƙasar Larabawa, a unguwar Shumaisi, Baba na aiki a asibiti, iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tasa take. Ban fi shekara da zuwa ba, don a hannun kakata na tashi har na gama sakandare. Da sanyi ya shigo sai Yaya ya tsiri ɓacewa duk Juma'a da Asabar. Waya a kashe. Ya dawo yana warin hayaƙi, yatsunsa duk ƙuna. Rannan Mama na shara ta jawo buhu daga ƙarƙashin gadonsa, cike da ƙananan zobban ƙarfe da waya da filaya, ga takobi a naɗe cikin bargo. A nan ta zauna daɓas. Ƙawayenta biyu da ta gaya wa suka ƙarasa mata lissafin: in aka kama shi, shi kurkuku, mu jirgi.

Mama ta ce kar Baba ya ji, yana da hawan jini. Da aka yi sati uku a haka, ni na kasa ƙara jira. Da safiyar Juma'a na zura abaya, na riga shi shiga mota.

"Ke, fita."

"Yaya, ko ka tafi da ni, ko in tashi Baba yanzu. Zaɓi."

Ya dube ni, ya ja tsaki, ya tayar da mota.

Muka wuce Dir'iyya, muka bar kwalta. Ina ta karanta duk addu'ar da na iya. Sai ga tantunan gashin akuya sun fi hamsin, da raƙuma, da yara suna guje-guje. A bakin shiga wani dattijo ya miƙo kwando, kowa ya jefa wayarsa. Ashe dokar wurin ke nan: ba waya, ba lantarki, ba leda. Likitoci ne da malamai da 'yan kasuwa, suke haɗuwa su yi rayuwar mutanen zamanin da na kwana biyu, don sha'awa kawai. Yaya kuwa shi ne maƙerinsu. Zobban nan sulke yake saƙawa da su. Na taɓa bakin takobin, ko albasa ba zai yanka ba.

Na zauna a kan yashi ina dariya, hawaye na zuba.

"Saboda wannan shirmen Mama ta yi sati uku ba ta cin abinci?"

"Me ya hana ta ci?"

Na gaya masa. Ya ce, "Kunya nake ji, 'yar ƙanwata. Baba zai ce ƙato da ni ina wasan yara."

"To ai wasan yaran ne. Amma gara shi."

Aka kai ni ɓangaren mata. Na tarar da su huɗu sun kewaye murhu suna fifita ɗanyen icce, ido duk ya yi ja, wata kuma tana niƙa alkama a dutse kamar mai shafa kan jariri. Na kasa haƙuri. Na ture iccen, na tsinto busassun kirare, na gyara duwatsun, wuta ta kama. Na karɓi niƙan, kafin su gama mamaki na tara gari. Wata ta tambaye ni da Larabci a wane littafi na koya. Na ce a tsakar gidan kakata, bara-bara.

Da yamma a hanyar dawowa Yaya ya ce in rufa masa asiri wurin Baba. Na ce a'a. Sulken zai saka ya tsaya a falo, Mama da Baba su gani da idonsu, ni zan yi bayani tunda shi bakinsa nauyi gare shi. Juma'a mai zuwa kuma da ni za a koma, da ƙaramin turmin Mama a but ɗin mota. Matan nan ba su taɓa ganin daka ba.