Wayar Ta Ce Maƙerin Yana Nan

"Tsoho, ina ka shiga da takardar mutane?"

Da haka jikata Hafsatu ta tare ni a zaure, na dawo gumi sharkaf. Ita aikin bincike take yi ta intanet daga ɗakinta, ita ce ta roƙa min gwaji a wurin masu ba ta aiki. Sun turo takardar sunayen shagunan masu sana'a na Ƙofar Dumi, in tabbatar ko suna nan. Gwaji ɗaya ne, in na faɗi shi ke nan.

Na ce mata dubowa na je.

Ta riƙe baki. "Da ƙafa? Haba angona, aikin zaman gida ne! A waya ake dubawa."

Na ce, "Amarya, wayar ta ce Malam Sabo maƙeri yana buɗe shago kullum. Da ni aka kai shi makwancinsa bara. Mai cajin waya ne a wurin yanzu. Ta yaya zan yarda da sauran?"

Na zauna na rubuta musu abin da idona ya gani, da yatsa ɗaya a waya, yadda malaminmu na ajin manya ya koya mana bayan na yi furfura: abin da ka tabbatar, shi za ka rubuta.

Yau da hantsi amsa ta zo. Sun ɗauke ni! Har sun ƙara min shagunan Yelwa. Alhamdulillahi.

Gwiwata na ciwo, amma gobe zan hau keke in je. Ku masu wannan aiki, in waya ta saɓa da ido, wanne kuke bi?