Gwandar Kawu

Tun da ƙamshin gwanda ya buge ni a Tianhe, unguwar da nake karatu a nan ƙasar waje, na kasa zama wuri ɗaya. Gudun da na yi suna da shi a sakandare ya sa jami'armu ta saka ni ƙwallon Amurka, in rungumi ƙwallo in keta mutane. Amma da farko kullum sai ta suɓuce mini. Da Kawu ya zo sarin jakunkuna ya ga haka, sai ya sayo nunanniyar gwanda ya danna mini a ƙirji.

"Zagaya filin nan, ɗana. In ka matse ta fashe, in ka sassauta ta faɗi."

Gobe wasana na ƙarshe, shi kuwa shekararsa guda da rasuwa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya riƙe shi riƙon da ba ya suɓucewa.