Zagayen Ruwan Ilham

A ƙauyensu da ke kudu da birnin Madani, in ana neman wadda ba ta san faɗin "wayyo" ba, Ilham matar Sadisu ake nunawa. Kunama ta taɓa harbin ta a gonar albasa, sai da ta kai ƙarshen kunya sannan ta zauna ta duba ƙafar. Shekararta talatin da uku, goma sha ɗaya a gidan miji, ba ta taɓa haihuwa ba. Gidan ƙwanta na dama, wanda likitoci ke ce wa mabyad, an cire shi shekara shida da suka wuce saboda ƙari. Saura na hagu, kuma a kansa ita da Sadisu suka ɗora dukan sa ransu, ko da yake ba su cika zancen ba.

Ciwon ya kama ta ran Talata da hantsi, ranar da zagayen ruwa ya zo kan hawasharsu, gonar da suke nomawa. Ruwan nan sau ɗaya yake zuwa a mako biyu, wanda ya yi sake sai wani zagayen. Sadisu yana garin Sinnar wurin ta'aziyya. Ta yi amai a bakin kwata, ta ɗaure mara da gyale, ta ci gaba da buɗe wa ruwa hanya fage bayan fage. Iya, uwar Sadisu, ta jiƙa mata hulba.

"Sha, ɗiyata. Iska ce ta wake."

Kwana biyu tana shan hulba tana ba dawa ruwa. Ran Alhamis Sadisu ya dawo ya same ta durƙushe, ya ɗauko mota sai asibitin Madani.

Likitar da ta yi mata aiki kakarta 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawa, tana da Hausa irin ta gaisuwar Sallah, sauran ta cike da Larabci. Ta ce gidan ƙwan ne ya murɗe a kan jijiyarsa, jini ya daina shiga. Ta warware shi, ta same shi ya yi baƙi, amma ta bar shi ko zai farfaɗo.

"Ai tunda an warware, shi ke nan ko, Daktora?" in ji Sadisu.

"La, ya Hajji, a'a. Jinin ma in ya dawo gaba ɗaya, yana ƙara yi masa ɓarna. Kai manomi ne. Shukar da ta daɗe da ƙishi, ka sako mata ruwa da ƙarfi?"

"Kwanciya take yi."

"To."

"Ba magani?"

Nan Daktora ta yi kuskuren mai gaskiya. Ta ce akwai magunguna da masu bincike ke gwadawa don kare gidan ƙwai daga wannan ɓarnar, amma yawancin gwajin a jikin ɓeraye ake yi, ba a kai ga rubuta wa mata ba.

"Ɓeraye," in ji Sadisu. "Waɗanda ke cinye mini gyaɗa?"

"Danginsu."

Ilham tana kwance tana jin su kamar rediyon maƙwabta. Abin da take kallo fankar sama ce, wadda fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe.

Sadisu bai yarda a ce ɓera ya riga matarsa ba. Ya hau raksha, babur mai ƙafa uku, ya bi shagunan magani na Madani ɗaya bayan ɗaya yana tambayar maganin mabyad da ake ba ɓeraye. Wani ya miƙo masa gubar ɓera, suka kusa dambe. Wani dattijo ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, ya ba shi ƙwayoyin bitamin. Ilham ta riƙa haɗiyar su safe da yamma, ba ta tambayi na mene ne ba.

Mako shida aka ce su dawo. A makonnin nan Iya ta hana ta ko ɗaga buta, ta kuma daina haɗa ido da ita. Ilham ta zauna a inuwar darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Mata suka zo dubiya suna cewa dawarta ta fi ta kowa kyau bana, ta ce haka ne.

Ran komawa, Daktora ta daɗe tana goga na'urar hoto a mararta. Ta juya ta nan, ta juya ta can. Sannan ta ajiye, ta yi maganar da Larabci zalla. Gidan ƙwan ya tsuke, jini ba ya shiga. Ta rubuta ƙwayoyin da Ilham za ta riƙa sha shekara da shekaru a madadin aikin da yake yi wa jiki.

"Wannan akwai shi a kowane shago," in ji ta, a hankali.

Sadisu ya ninke takardar sau huɗu. Suka hau mota suka kama hanyar gida.

Sun iso da la'asar, Iya da maƙwabta biyu suna zaune a kan tabarma, an ɗora gahawa a wuta.

"Mi aka ce, ɗiyata?"

"An ce ba zan haihu ba, Iya."

Ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarmar. Ta jira kuka ya zo, don ta san shi suke jira su riƙe ta. Bai zo ba. Gahawa ta tafaso, ba wanda ya motsa, sai ita ta miƙa hannu ta sauke.