Sakatar da Gwaggo Ta Ja

Ran kasuwar Jega ne. Maigida ya fita da buhunan albasa tun da asuba, ya bar ni da ɗiyar da ko suna ba a raɗa mata ba. Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ta taho daga Maiyama don yi min wankan jego. Ta hura wuta ƙarƙashin ganga a ƙofar ɗakina, ta gasa ni da ruwan zafi da ganyen dogonyaro, tana faɗa wai na cika raki.

Da hantsi na shiga na kwanta. Gwaggo ta jawo ƙofar ƙarfe, ta danna sakata ta waje, kada awaki su turo ƙofar, iska ta shigar wa mai jego. Ta tafi maƙwabta neman kanwar kunu. Na ji ƙarar sakatar, ban kawo komai ba.

Abin da ya tashe ni tas-tas ne, kamar ana toya gyaɗa. Rumfar karan da ke ƙofar ɗakina ce ta kama, daga wutar gangar. A ƙarƙashinta jarkokin man injin ban ruwa suke. Ta farko ta fashe, bum! Haske ya shigo ta ƙasan ƙofa.

Na ja ƙofa. Gam. Na buga da kafaɗa, ni da ko miƙewa sosai ban iyawa. Hayaƙi ya fara saukowa daga rufi. Taga guda ce, ita ma bara aka sa mata ƙarafuna don tsoron ɓarayi. Na rungume ɗiyar, na manna fuskarta a tagar, ina kururuwa. Tsoro ya kama ni, wallahi har cikin ƙashi.

Can sai na ji muryar namiji a zaure. Sallama yake yi! Gidan ba shiga ne, bawan Allah ya tsaya yana jiran izini, ni ina gasuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗiyar ta daina kuka. Wannan shirun ya fi wutar tayar min da hankali.

"Ku shigo, ku shigo! Mi kuke jira?" Muryar Gwaggo ce. Ta bayyana a taga ba ɗankwali. "Miƙo ta!"

Zanin goyo ya ƙi wucewa. Na tuɓe ta tsirara, na juya kanta a hankali, na tura ta tsakanin ƙarafuna. Gwaggo ta karɓe, ta hura mata baki. Na ji ɗan tari, sannan ɗiyar ta tsanyara kuka. Gwaggo ta miƙa ta ga maƙwabciya, ta ɓace daga tagar.

Na durƙushe ƙasa, inda sauran iska take. Kwanon rufi na ta ƙara. Maza na dukan bango ta baya da galma, bangon ko gezau.

Sai na ji sakata. Gwaggo ta kwara wa kanta ragowar ruwan wankana, ta ratsa ƙarƙashin rumfar tana ci. Ƙarfen ya yi ja. Da hannu biyu ta kama shi.

"Fito!"

Na fito da rarrafe.

Ɗaki ya tafi, da kayan aurena, da irin albasar baɗi. Ba wanda ya mutu. Ran suna aka sa wa ɗiyar Hajara, Gwaggo tana asibiti.

Yatsunta sun warke a dunƙule. In ta zo yanzu, sai ta zauna bisa tabarma ta miƙe ƙafa, ni in ɗora mata takwararta a cinya. Tun ranar da ta karɓe ta a taga, ba ta sake ɗaukarta da hannunta ba.