Sallau Bakanike da Shawarar Hamdiyya

Ranar Babbar Sallah aka haifi Sallau a Damri, daidai lokacin da ake fiɗar raguna, har ungozoma sai da ta leƙa tsakar gida sau uku tana tambaya ko an soya hanta. Ya zo duniya da kunnuwa kamar faifai. Mu taubasansa muka ce ba abin da za su yi sai shanyar kuɓewa, ashe abincinsa na cikinsu.

Aji huɗu ya yi a boko. Ranar da masu rigakafi suka zo makaranta ya hango allura, ya fita ta taga, bai tsaya ba sai Bakura. Can ya zauna wurin wani mai gyaran injin ban-ruwa ya koyi sana'a. Yau duk mai shinkafa ko albasa da ke shan ruwan madatsar Bakolori, daga Maradun har Talata Mafara, ya haddace lambar wayar Sallau fiye da ta matarsa.

Halinsa ɗaya ne mai ƙona ran manoma. Mutum zai zo da gumi ya ce, "Inji ya ƙi tashi."

Sallau ya ce, "Wanga ai ko akuya ta gani. Mi ya hana shi tashi?"

Ba ya taɓa sifana sai ya ja igiya ya kasa kunnen nan, ya sunsuni fulogi, ya leƙa tanki. Ya ce ƙin tashi ba shi ne ciwon ba, ƙorafi ne kawai inji ke yi, ciwon na can ciki.

Daminar bara 'yarsa Hamdiyya, mai shekara takwas, ta kwanta da zazzaɓi. Kwana uku ana cewa zai sauka. Ranar Talata da safe mahaifiyarsa Inna Taibatu ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta ga farin ya koma ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Shawara ce."

Kafin a sauke koko gida ya cika. Wata ta ce a ba ta rake, wata ta ce a hana ta mai, wani tsoho ya aiko da jiƙon saiwa mai ɗacin da in ka zuba wa jaki sai ya yi magana. Shawarar ido guda ta jawo shawarar baki sun fi ɗari. Abu ɗaya duk suka haɗu a kai: mai shawara ba a yi masa allura, in aka soke shi ya tafi ke nan.

Ba maganar da ta taɓa yi wa Sallau daɗi kamar wannan. Har ya gyaɗa kai. Sai dai da ya durƙusa kusa da tabarmar, kunnensa ya jiyo abin da sauran ba su ji ba. Numfashin yarinyar gajere ne, sama-sama, irin na injin da mansa ya kusa ƙarewa. Ya buɗe tafin hannunta, fari fat kamar takarda.

Ya matsa gaban tsohuwa ya tsuguna. "Inna, shawarar mi ce?"

"Kai wanga yaro! Shawara na da mi? Ubanka ya yi ta, rake ya sha ya miƙe."

"Allah shi jiƙan Baba. Amma Inna, idon nan ƙorafi ne. Ina son a gano abin da ke ciki. Ki yi man izini in kai ta Mafara."

"Su soke ta?"

"Su duba ta."

Inna ta dubi jikarta. Sannan ta jawo mayafi, ta cusa kwalbar jiƙo a hammata. "To da ni za a tahi. In ga mai soke ta."

Haka suka hau babur, Sallau a gaba, Hamdiyya a tsakiya, Inna a baya tana salati. Ranar kasuwar Mafara ce, hanya cike da motocin hatsi, amma waɗanda suka gan shi sun rantse tayoyin babur ɗin ba su taɓa kwalta ba sai sau biyu.

A asibiti suka samu wata likita, Amatullah, 'yar siririya mai tabarau. Ta duba idon, ta duba hannun, ta ce a ɗauki jini yanzu a kai ɗakin gwaji.

Inna ta ce, "Ɗiyata, wane gwaji kuma? Shawara ce, ga ta nan a fili."

Likita ta ce, "Gaskiyarki, Inna, shawara ce. Amma shawara sunan abin da muke gani a ido ne. Wani hantarsa ce ke jawo masa, wani sikila, wani kuma zazzaɓin cizon sauro ne ke cinye masa jini. Kowanne da maganinsa."

Sallau ya zabura. "Likita, inji ya ƙi tashi ke nan, ba a san ko fulogi ba ne ko kafireto!"

Likita ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, ka fi wasu ɗalibaina."

Wannan maganar mun ji ta sau dubu tun daga ranar.

Sakamako ya fito: zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha jinin yarinyar saura kaɗan. Likita ta ce sai an ƙara mata jini yau, ba gobe ba, kuma na uban za a fara gwadawa. Aka gwada, ya dace.

Nas ya fito da allurar ɗibar jini. Sallau ya ce kaurinta ya kai tiyon ban-ruwa. Ya dubi taga, a buɗe take, kuma ba ta kai ta makarantar Damri tsawo ba. Ya dubi gadon da Hamdiyya ke kwance. Sai ya naɗe hannun riga ya miƙa, ya runtse ido, ya kama karanta duk surar da ya iya, har da waɗanda bai iya ba. Ledar jini ta cika. Ya miƙe ya ce, "Ashe ɗan wannan ne?" Ya faɗi sumamme.

Inna ce ta farfaɗo da shi. Kwalbar jiƙon nan ta kafa masa a baki, ya tashi yana ihu.

Bayan kwana uku Hamdiyya ta tashi zaune ta ce shinkafa da wake take so, a sa mai da yawa. Kafin sati biyu idon ya washe. Inna ta bi gidajen unguwa tana faɗa wa mata cewa ita dama tun farko ta ce shawara iri-iri ce, sai an gwada.

Sallau kuwa wata guda bai cire filastar hannunsa ba, tana saki yana ƙara mata gam ɗin facin taya. Yanzu in manomi ya kawo inji ya ambaci wani nasa da ke fama da shawara, Sallau kan ajiye sifana ya ce, "Shawarar mi?" In mutum bai sani ba, sai ya nuna masa hanyar Mafara. Hamdiyya na aji huɗu bana. Da masu rigakafi suka zo, ita ta fara shiga layi.